Ɗan Ɗakin Laure

Daga Gagarawa, a watan Babbar Salla, shekara ta 1338 bayan Hijira.

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Safara'u 'yar Malam Barau zuwa ga ɗan'uwana Bulama Ƙasimu, mai garin Tsamiyar Kawu ta ƙasar Sule Tankarkar. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Mu nan sai godiya. Zazzaɓin damina ya kwantar da ni, Allah ya tashe ni. Gero ya fitar da kai, matan da ke ɗaukar karatu a wurina sun ragu saboda aikin gona.

Ina gaida uwargidanka Laure. Ina gaida ɗanka Hussaini, da fatan ƙafar da ya gurɗe ta warke. Ina gaida 'yan matan gida da ɗai-ɗai. Yaya dokin nan naka mai tari?

Bayan haka, akwai maganar da na daɗe ina juyawa kafin in ɗauki alƙalami. Ɗantala mai jakan kanwa, wanda zai miƙa maka wannan takarda a kasuwar Maigatari, ya biyo ta nan, ya ce ya ga ɗan ɗakin Laure ya rame, wai abinci ba ya shigarsa. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa don kansa, kuma ban ƙara masa ko kalma ba domin akwai mutane a wurin.

Ka san matsayina. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka yaye shi Laure ta goya shi daga ƙofar ɗakina, ban kira sunansa ba, ban tambayi labarinsa a gaban kowa ba, kamar yadda uwata ta yi da nata ɗan farin har ta koma ga Allah. Ba na son in zama ta farko a gidanmu da za ta zubar da wannan kunya. Amma mijina marigayi Malam ya tafi, babu uban da zai yi tambaya a madadina, kuma Allah bai ba ni wani ba bayan wannan. Kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, shi ya sa na iya buɗe maka baki.

In ciwo ne, a faɗa mini irinsa, ina da rubutun da mahaifina ya bar mini. In ba komai, ka yaga takardar, kada Laure ta ji ta zaci ina ƙorafi da riƙonta. Ban taɓa ganin aibu a riƙonta ba.

Na tambayi kaina ko wannan rubutu rashin tawakkali ne. Ban sami amsa ba, na dai rubuta. Allah ya gafarta mini. Aminci ya tabbata gare ku.

* * *

Daga Tsamiyar Kawu, a ƙarshen watan Babbar Salla.

Da sunan Allah. Daga ubangidanki Bulama Ƙasimu, jikan namiji, zuwa ga baiwata Safara'u, jikar mace, wadda karatu ya sa ta manta wanda ya mallake ta. Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, mun ji daɗin tashinki. Ƙafar Hussaini ta warke. Ashe sai da kika zaga har wurin dokina kafin ki iso inda za ki. Doki ya daina tari, ya ce a gaishe ki.

Ɗantala bai yi ƙarya ba, amma ba ciwo ba ne. Bayan Salla jakadan hakimi ya zo da saƙo daga Gumel. Nasara na son yara daga gidajen masu gari, a kai su makarantarsa ta Kano idan an gama kaka. Gidana an ɗora masa yaro ɗaya. Ba roƙo aka yi ba, Malama. Bulaman da ya ƙi, rawaninsa ne zai amsa.

Maza biyu gare ni da suka isa, Hussaini da Ilu. Hussaini kin san shi, kai kamar turmi, amma shi mutanen gari suke kallo a bayana. In ya tafi ya dawo da harshen Nasara a baki, wa zai bi shi salla, balle ya gaje ni? Ilu kuwa ya gado ki, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Ban yanke ba tukuna. Shawara muke yi a zaure da liman, ashe yaron yana bayan zana yana ji.

Tun ranar tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro. Ya koma fitsarin kwance, ɗan shekara tara. Da ya ji kofaton doki sai a neme shi a rasa. Ran nan a tsohon rumbu muka same shi ya dunƙule, ga kunama tana yawo kusa da ƙafarsa, shi bai ma gan ta ba. Yara sun cika masa kunne, wai wanda ya shiga wurin ba ya fitowa da sunansa, wai ba a binne wanda ya mutu a can, wai rubutunsu daga hagu ake fara shi. Ya same ni ya ce, "Baba, wanda ya yi rubutu daga hagu, ranar Lahira a hannun hagu za a ba shi takardarsa?" Na yi dariya. Liman bai yi ba.

Laure ta ce in Ilu zai tafi ita ma a haɗa da ita. Na ce Nasara bai aiko neman tsofaffi ba. Tun daga nan tuwona ba gishiri.

To ga yadda ake ciki. Ke kika haife shi, ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba. In kina da magana, ki faɗe ta yanzu kafin in aika da suna. Ki haɗo da rubutun. Allah ya bar zumunci.

* * *

Daga Gagarawa, a farkon Muharram, 1339.

Da sunan Allah, Mai sanin abin da ƙiraza suka ɓoye.

Daga Safara'u zuwa ga Bulama Ƙasimu. Gaisuwa da addu'ar sabuwar shekara gare ka da Laure da dukan gida. Ina lafiya, sai ciwon gwiwa da ya zama ɗan gida. An fara yankan gero a nan.

Takardarka ta iso. Zan fara da abin da ya fi sauƙi.

Ga rubutu nan a cikin ƙwarya, na shanya shi ya bushe. Alam Nashraha ce. A jiƙa kaɗan da ruwa ya sha da safe, a shafa masa sauran a ƙirji. Amma rubutu ba ya aiki shi kaɗai, sai da abin da zan faɗa.

Kada a doke shi saboda fitsari. Kada a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu yara su zaga da shi gari kamar yadda ake yi, wannan magani ne na mai lalaci, shi kuwa tsoro ne ya kama shi. Laure ta wanke tabarmar kafin 'yan'uwansa su tashi, kada ta ce masa komai. In tuwo ya ƙi shiga, a dama masa kunu ya riƙa kurɓa. In ya ɓuya, a bar mutum ɗaya ya je ya zauna kusa da shi, ban da gayya da kururuwa.

Tambayar da ya yi maka ba ta dariya ba ce. Yaro ya kawo maka tsoron wuta, ka sallame shi da haƙora. Ka kira shi kai kaɗai, ka ce masa takardar Lahira da aikin mutum ake bayar da ita, ba da gefen da ya fara rubutu ba, kuma wanda ya riƙe sallarsa Allah ba ya ɓacewa daga gare shi ko a wace ƙasa. Ka ce wata mai karatu ce ta faɗa, ba sai ka ce wace ce ba. Kuma kada a yi masa ƙarya. Kada a ce ba inda za shi in ba a tabbata ba. Yaron da aka ruɗa sau ɗaya ba ya ƙara jingina da maganar manya.

Yanzu abin da ya fi nauyi. Ka ce in faɗi magana. Wace magana uwa take da ita a kan ɗan fari? Ɗa naku ne, kai da Laure. Abin da hannu ya bayar ido ba ya binsa. Ba ni da shi, ba ni da iko a kansa, abin da ka yanke shi ne yankakke.

Sai dai ina tuna maka abu biyu, a matsayin mai karatu kawai. Ɗan bulama jakada ya nema. Kuma maraya amana ne a hannun wanda ya ɗauke shi, ka san ayar da ke cikin Walluha a kan maraya, tun kana ƙarami ka haddace ta. Mai hankali ishara ta ishe shi, kai kuwa ban taɓa saninka da rashin hankali ba.

Na maimaita karanta abin da na rubuta. Zuciyata ta so in ƙara, tarbiyyata ta ce ya isa. Na bi tarbiyya. Allah ya sa ban yi kuskure ba. Aminci gare ku.

* * *

Daga Tsamiyar Kawu, a tsakiyar Muharram.

Da sunan Allah. Daga Bulama Ƙasimu zuwa ga baiwata mai tsada. Gaisuwa. Muna lafiya, geron bana ya yi kyau. Allah ya sauwaƙe gwiwa, ki rage doguwar nafila.

Na karanta takardarki a zaure gaban liman da dattawan gari, daga inda kika ce ɗa namu ne zuwa inda kika ce abin da na yanke shi ne yankakke. Liman ya ce irin waɗannan mata sun ƙare a duniya. Wani tsoho har da hawaye. Kin fita kunyarmu, Malama. Na aika da suna Gumel, Ilu ɗan Bulama Ƙasimu. Ai kuwa ɗan bulama ne, da hannunki kika rubuta. Zancen maraya kuma, maraya shi ne wanda ba shi da uba, ni kuwa ga ni da raina.

Na bi umarninki, ban yi masa ƙarya ba. Na kira shi na ce shi ne zai tafi. Na faɗa masa maganar takardar Lahira, ya saurara. Sai ya ce, "Gwaggon Gagarawa ta sani?" Haka yake kiranki, amma ya san ko ke wace ce, yara sun daɗe da gaya masa. Na ce ta sani, ta kuma yarda. Sai ya tashi ya fita.

Washegari aka neme shi aka rasa. Wani Bafulatani ya tsince shi a hanyar Maigatari, wai zai tsallaka ƙasar Faransi inda jakada ba ya zuwa. Ƙafa duk ƙaya. Na ɗan taɓa shi da tsumagiya don kada ya sake, ba duka ba ne. Yanzu Laure ta ɗaura zare daga ƙafarsa zuwa hannunta in za su kwanta.

Yana shan rubutun. Kunu yana shiga kaɗan. Zai saba, mu ma da aka kai mu kaciya kuka muka yi. Allah ya bar zumunci.

* * *

Daga Gagarawa, kafin Muharram ya fita.

Da sunan Allah, wanda ba a karanta masa rabin takarda.

Daga Safara'u zuwa ga Bulama. Gaisuwa. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya.

Ka karanta wa dattawa inda ya yi maka daɗi, ka naɗe sauran. Kai Bahaushe ne ɗan Bahaushe, a gidan kunya ka tashi. Ka san in uwa ta ce ba ta da iko a kan ɗan fari, ba izini ta bayar ba, wuyanta ta miƙa ga mutuncin wanda take yi wa magana. In baƙo ya ce ya ƙoshi, ai ba a ɗauke akushi. Da na so ya tafi, me zai sa in ambaci maraya? Ka ji ni sarai.

Amma ba kai kaɗai zan tuhuma ba. Da na ji an yabe ni a zaure, akwai wani wuri a zuciyata da ya ji daɗi kafin sauran ya ji ciwo. Na zauna da wannan, na duba shi. Na bincika abin da na karanta a gaban mahaifina, ban ga inda Allah ya hana uwa kiran sunan ɗanta ba, ko ya hana ta tsaya masa. Al'ada ce, na riƙe ta kamar farilla, kuma yanzu ban sani ba ko don Allah na riƙe ta ko don a ce Safara'u ba ta taɓa karya ta ba. In na biyun ne, to na sayi yabon tsofaffi da yaro ɗan shekara tara.

Saboda haka zan faɗa yadda ba za a iya naɗe shi ba. Ban yarda ba. Ba na so a kai shi Kano. Ba ina cewa ka ba da Hussaini ba, wannan tsakaninka da hakimi ne. Ina cewa ɗan da na haifa, a dawo mini da shi. Ka ce da jakada an yi kuskure, ɗan riƙo ne, uwarsa ta karɓi abinta. A zage ni a Tsamiyar Kawu, a zage ni a Gagarawa, a ce Malama ta tsufa ta zubar da kunya. Na ɗauka.

In kuwa Laure ba za ta iya rabuwa da shi ba, ta zo da shi, ɗakina ya ishe mu mu uku har maganar ta wuce.

Abu ɗaya kuma. Ka ce masa na yarda. Ka koma ka ce masa ban yarda ba, yau, kafin ka ajiye wannan takarda. Yaron da ya tambaya ko na sani, yana da sauran zaton wani abu a wurina. Kada ka bar shi ya kwana da amsar da ka ba shi.

Ɗantala ya yi mini alkawari zai sa ta a hannunka ranar kasuwar Maigatari mai zuwa. Ina jira.

* * *

Daga Gagarawa, a ƙarshen Safar.

Da sunan Allah. Daga Safara'u zuwa ga Bulama Ƙasimu. Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta hana ka amsa.

An gama kaka, an ɗaure dawa, rumbuna sun cika. Wata ya fita, wani ya kusa fita, ban ga takarda ba, ban ga Ɗantala ba. Duk jakin da ya tsaya a ƙofar gida sai in aika a duba. Na yi niyyar tasowa da kaina, gwiwa ta ƙi, kuma babu namijin da zai raka ni.

Na ba wani mai zuwa Gumel wannan, ya ce zai sami mai kai maka. In wadda na ba Ɗantala ta ɓace, ga abin da ke cikinta: ban yarda ba, a dawo mini da shi. Ko kalma ɗaya ce ka aiko.

* * *

Daga Tsamiyar Kawu, a farkon Rabi'ul Awwal.

Da sunan Allah. Daga Ƙasimu zuwa ga Malama Safara'u. Gaisuwa. Lafiya muke, sai Laure da ba ta jin daɗi.

Takardunki biyu sun zo kusan tare. Ɗantala ya tsallaka Damagaram da ta farkon a cikin jakarsa, sai kwanan nan ya dawo. Ko da ta zo da wuri, sunan da ya isa Gumel ba ya dawowa. In na ce kuskure na yi, na yi wa hakimi ƙarya ke nan, kin san abin da zai biyo.

Kin ce na ji ki sarai. Na tambaye ki a fili, kika amsa mini a lulluɓe. Ni ma uba ne, Malama. Aka ajiye mini ƙofa a buɗe, na bi ta. Ki tambayi kowane bulama a ƙasar nan wanda ya bayar, ki ji ko akwai wanda ya ba da magajinsa.

Waccan takardar ban karanta wa kowa ita ba, na ƙone ta don mutuncinki. Yaron ma ban gaya masa ba. Ya fara haƙura, in na ce kin ƙi alhali tafiyar ba fashi, na tayar masa da ciwo a banza.

An kai shi Gumel jiya. Da dogari za su tafi, su da sauran yaran, kuma ta Gagarawa hanyarsu za ta bi. Na roƙi dogarin ya tsaya a ƙofarki. Iyakar abin da zan iya ke nan. Ki yi haƙuri, baiwata.

* * *

Daga Gagarawa, a tsakiyar Rabi'ul Awwal.

Da sunan Allah, Mai hukunci tsakanin bayinsa.

Daga Safara'u 'yar Malam Barau zuwa ga Bulama Ƙasimu. Gaisuwa irin ta Musulunci. Ina lafiya. Allah ya ba Laure sauƙi. Abin da ke ƙasa a karanta mata shi duka, kada a tsallake.

Sun iso da azahar, mata suna tsakar gidana da allunansu. Na fita har ƙofar zaure. Yana kan jaki a bayan kaya, cikin rigar da ta yi masa yawa, ina jin ta Hussaini ce. Na kira shi. Na ce, "Ilu." Matan da suka biyo ni suka rufe baki da mayafi. Shi kuwa bai dube ni ba, sai ya dubi dogarin.

Dogarin ya ce, "Sauka mana, ɗan bulama, mahaifiyarka ce."

Ya sauko, ya durƙusa nesa da ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, ya ce, "Ina wuni, Gwaggo." Na kama hannunsa. Yatsuna biyu sun zagaye shi har da saura. Na ce, "Tsoro kake ji?" Ya ce, "An ce ke kika ce a kai ni." Na ce ban ce ba. Ya ce, "Baba ya karanta a zaure. Ina bayan zana. Kin ce ba ki da ni."

Na koyar da mata manya hukuncin gado da na idda, amma ban sami yadda zan bayyana wa yaro cewa uwa tana faɗin haka don tana nufin akasinsa ba. Na buɗe baki, na ga ko ni da nake faɗa ban gamsu ba.

Na ce da dogarin ya bar mini shi. Mutumin kirki ne, bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Malama, kawuna aka ƙirga mini a Gumel. In na isa Kano babu ɗaya, da nawa za a cike." Na ce to su ɗan huta. Na dama fura da nono mai kyau na kawo. Yaron ya riƙe ƙwaryar bai sha ba. Dogarin ya ce, "Ai ba ya shan nono, yana tayar masa da zuciya. Uwar tasa ta ja mini kunne tun a Gumel." Ban san wannan ba. A gaban ɗalibaina baƙo ya gaya mini.

Na zauna a ƙasa kusa da shi na faɗa masa abin da na iya. Na ce a Kano akwai masallatai da malamai fiye da nan, ana kiran salla zai ji. Na ce ana binne Musulmi a can kamar ko'ina, kuma ba mutuwa za shi yi ba. Na ce sunansa nasa ne, ba mai karɓe shi. Yana ta kallon ƙasa. Can ya matso kaɗan, ya yi ƙasa da murya don kada sauran yaran su ji, ya ce, "In na yi fitsari a can, wa zai wanke tabarma?"

Na shiga ɗaki na ɗauko buzun da nake salla a kai. Na nuna masa yadda zai shimfiɗa shi a kan tabarma gashi a ƙasa, ya tashi kafin kiran asuba ya ɗauraye shi, in an tambaya ya ce alwala ce ta zube. Ni da na hana a yi masa ƙarya, ni na koya masa ita. Ya karɓa, ya naɗe shi da kyau, ya ce na gode. Sannan ya juya ga dogarin ya ce, "Yaushe za mu tafi?" Da suka kama hanya na tsaya har suka shige kukoki. Bai waiwayo ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya waiwayo ba.

Ɗantala ya biyo bayan tafiyarsu. Ya dafa Alƙur'ani ya ce bai je Damagaram ba bana, kuma a ranar kasuwar da ya yi alkawari ya sa takardar a hannunka. Ba zan yi jayayya ba. Ɗayanku ya faɗi gaskiya, akwai ranar da za a ji. Sai dai kada ka ƙara kirana baiwarka. Wasan da muka gada daga kakanninmu ya tsaya a kanmu.

Laure, gare ki nake magana yanzu. Akwai ƙanwar marigayi Malam a Kano, sunanta A'i, tana aure a cikin birni. Na rubuta mata ta riƙa leƙa shi. Fatake suna wucewa ta nan kowane wata, zan riƙa ba su saƙo. Ki aiko mini da abin da yake ci da abin da ba ya ci, da abin da kike ce masa in ya firgita, kalma da kalma, da irin ƙuli-ƙulin da yake so, mai yaji ko marar yaji. Ni ban sani ba. Zan yi da hannuna, in aika.

Na gaya wa A'i duk abin da ta kai masa ta ce daga Laure ne. Ke ma in ya dawo hutu ya yi miki godiya, ki amsa. Kada a ce daga Gagarawa. In ya ji daga nan ne ba zai ci ba, ni kuwa so nake ya ci.

Aminci ya tabbata ga wanda ya riƙe amana.